Kifin Lami a Malaz

Mukayyif ɗin falonmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu ranar da aka ba mu dogon hutu a shekarar 1994. Wanda bai taɓa zama a Riyad cikin watan Yuni ba, ba zai gane girman wannan musiba ba. Bango zafi, ƙasa zafi, ruwan famfo kuwa ko shayi ka ga dama ka haɗa da shi. Muna hawa na uku a wani tsohon gini a Malaz, ni da Baba da Gogo. Umma ta tafi Kano da ƙannena za ta haihu a gida, aka bar ni in kula da Gogo, mahaifiyarta, wadda Baba ya kawo a yi mata aikin ido. Shekarata goma sha bakwai. Ba inda nake zuwa sai in Baba ya taso daga ofishin jakadanci ya ɗauke mu a mota, don haka na karance duk littafin da ke gidan, na Hausa da na Larabci da na Turanci, wasu har sau uku. A cikin kowanne akwai ranar da wani yake zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni ma jira nake.

Wanda ya ƙwanƙwasa tamu mai gyara ne, Malam Oumarou, mutumin Gaya ta Nijar, mai ɗan shago a Sulay can wajen rumbunan ajiye kaya. Ɗansa na biye da shi riƙe da akwatin kayan aiki. Ta tsagar ƙofar kicin na gan shi. Dogo ne, baƙi, da tabon ƙuna a wuyan hannu, yana kwance sukurori yana rera wani abu ƙasa-ƙasa kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Na ji uban ya kira shi Ghazali.

Gogo tana zaune a falon da bandeji a ido ɗaya, tsufa ya ba ta izinin zama gaban maza. Tana jin harshen Malam Oumarou ta miƙe zaune.

"Kai, wanga magana taka ta bakin ruwa ce. Ɗan wane gungu ne kai?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa. Ashe su biyun Sarkawa ne, masuntan kogin Kwara, ita daga tsibiran Yawuri, shi daga na sama da Gaya. Gungu suke ce wa tsibiri. Suka shiga jero sunayen kifaye da na matattu, Baba, mutumin Kano da ko kududdufi bai taɓa shiga ba, yana ta murmushin wanda aka bari a baya. Da aka gama gyara sai Baba ya ce wa Ghazali ya tafi da rediyona ya duba, don ta fara cin kaset.

Bayan kwana biyu rediyon ta dawo. Akwai kaset a ciki, fari, ba rubutu.

"Salamu alaikum, mai shayi," in ji muryar. "Ban san sunanki ba, hannunki kawai na gani da kika turo tire. Sukarin ya yi yawa, amma na shanye, don kar a ce ɗan Sarkawa ya ji tsoron ruwa. In kina da amsa, akwai akwatin mitar wuta a ƙarƙashin matakalarku. Litinin da Alhamis ina zuwa duba firjin kantin maganin da ke ƙasa."

Sau nawa na saurara? Har batir ya yi sanyi muryarsa ta koma ta tsoho. Na rubuta amsa a takarda, na yaga, na sake, na fesa mata turaren Umma, na sauka da sunan zubar da shara na cusa ta bayan mita.

Haka muka yi sati huɗu. Ni takarda, shi kaset. Yana ba ni labarin Sulay, yadda kwanon rumbu ke zafi har ya gasa ƙwai, da Bafulatanin da ke kiran kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, kawu, da yadda samari ke cunkushewa ɗaki ɗaya suna kallon ƙwallon duniya, rabi na goyon Najeriya rabi na goyon Saudiyya don kar a kore su daga aiki. Ina dariya cikin filo. A kaset na uku ya fara ba ni tatsuniyar gungunsu, kaɗan-kaɗan, yana katsewa daidai inda ta yi daɗi.

Wai akwai wani masunci, Saidou, wanda jirginsa ya kife kusa da wani gungu da ba kowa a kai sai tsamiya guda. A ƙarƙashin gungun akwai wata budurwa, 'Yar Gungu, wadda ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, muryarta kawai ake ji da hantsi in iska ta kwanta. Ita ta ciro shi ta shimfiɗa a gindin tsamiyar. Kullum yana dawowa, tana yi masa magana daga cikin ruwa, har ranar da ya ce ba ya iya barci a gida saboda kewar muryar. Sai ta karɓi gorarsa, ta yi waƙa a ciki, ta toshe. Ta ce duk inda ya buɗe a kan ruwa kifi zai taru, amma kunnensa kaɗai aka yi wa. "Ya riƙe gorar a ƙirjinsa har ya tsufa," in ji Ghazali. "Da ita aka binne shi." Ina jin ƙarar fanka a bayansa. "Ikilima, ni karatun boko na Faransanci na yi, takardunki da ƙyar nake haɗa su. Ga gorata nan na aje bayan mita."

Sabon kaset ne, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Da azahar, Gogo na barci, na shiga cikin kabad ɗin kaya na ja ƙofa na lulluɓa da bargo don kar sauti ya fita. Gumi na zuba har cikin idona. Na karanta masa waƙar da na rubuta, wadda na ce in shi ne kogi ni ce gaɓa, duk inda ya karkata ina nan gefensa. Na rera masa wata. Na faɗi abubuwan da ko a takarda ban taɓa yarda na rubuta ba. A ƙarshe kuma, don na saba jin masu aika gaisuwa a rediyo, na rufe da cewa, "Daga taka har abada, Ikilima Mukhtari, Malaz, Riyad." Da sunan ubana. Da unguwarmu.

Kwana tara ina yawo a gidan kamar an ɗaura mini fukafukai. Ran na goma wayar falo ta yi ƙara da la'asar. Amal ce, ƙawata, 'yar wani abokin aikin Baba. A nan aka haife ta, Hausarta kullum da ɗingishi.

"Ikilima, ke majnuna ce? Mahaukaciya?"

"Me na yi?"

"In kai ne kogi, ni ce gaɓa."

Na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyya ba.

"Yayana ya je Sulay kallon kura, ƙwallo. Wallahi da aka tafi hutun rabin lokaci sai wannan mai mukayyif ya sa musu. Mutum ashirin a ɗaki! Suna cewa a maimaita wajen waƙar. Har sun yi kwafi, wani direba ya sa a motarsa. Yayana ya ji sunan Ammu Mukhtari, ya ce in gaya miki kafin ya kai wajen direbobin ofis. Kin san su, in ya shiga hannunsu khalas, an gama."

Na san su. Direbobin ofishin jakadanci su ne gidan rediyon 'yan Najeriya a Riyad. Abin da ya shiga motarsu da safe, kafin magariba ya kai kowane falo, kafin Juma'a ya sauka Kano. Baba mutum ne da ko dariya ba ya yi da ƙarfi a ofis don kar a raina shi. Shekara shida yana gina wannan mutuncin, ni kuma na ɗauke shi na sa a kaset na miƙa wa mai gyaran firji.

Ban yi kuka ba da farko. Na shiga kicin na tsaya gaban tukunya ina ƙirƙiro masa mutuwa iri-iri. Zan buga wa kafil ɗinsu waya in ce ya saci zoben Umma. Zan rubuta wa 'yan hisba takarda ba suna. Zan sa a ƙwace iƙamarsa, takardar izinin zamansa, a aske masa kai, a jefa shi jirgi da silifa ɗaya. Ina so ya ji abin da na ji, a ce mutum ashirin sun buɗe cikinsa suna leƙawa suna dariya. Kofin da ke hannuna ban san lokacin da na maka shi da bango ba.

"Na surukina ne ko na ɗiyata?" in ji Gogo daga falo.

"Ya suɓuce ne."

"Suɓucewa ba ta kai bango. Taho nan, ja'ira."

Na zo na durƙusa. Ta lalubo fuskata da hannu.

"Idona likita ya yanka, ba kunnena ba. Wata guda ina jin yaron ga yana ba ki labarin 'Yar Gungu cikin bargo. Na yi shiru in ji ko zai kai ƙarshe. Da gora aka binne shi, ko? Maƙaryacin banza. Mi ya yi miki?"

Nan kukan ya zo. Na gaya mata duka, har da kafil da hisba da silifa ɗaya.

"Ki yi masa ƙaryar sata, a kori ubansa da bai ci ba bai sha ba, kaset ɗin kuma ya ci gaba da yawo? Wanga fansar 'yan birni ce, ta ƙona rumbu don ɓera. Saurara ki ji inda ya yanke."

Ta ce Saidou ya yi arziki da gorar, jirginsa kullum a cike. Ran kasuwa abokansa suka tsare shi da zolaya, wai ƙarya yake, wace mace ce za ta so mai warin kifi. Sai ya zare toshiyar a tsakiyar kasuwa don su ji. Suka ji, suka yi shewa, har masu kwaikwayo. 'Yar Gungu ba ta kifar da jirginsa ba, ba ta aiko masa da kada ba. Fitowa ta yi daga ruwa da rana tsaka, ita da ba a taɓa ganin fuskarta ba, ɗauke da akushi. Ta ratsa gari har gaban uban Saidou, ta dire. Kifi ne guda, dafaffe da ruwa zalla, ba gishiri ba yaji ba mai, an cusa masa toshiyar gora a baki, kansa na kallon Saidou.

"Tun ran nan ya zama doka a bakin ruwa," in ji Gogo. "Ɗiyar da namiji ya tona wa asiri, ita da kanta za ta kai kifin lami gaban ubansa. Ba ta cewa komi. Uban ya san aikinsa. Yaron zai cinye shi tas a gaban mutane, ya maido abin da ya ɗauka kafin rana ta sake faɗuwa, kuma ba ya taɓa filafilin tuƙi sai ruwa ya cika ya janye. Uban da ya ƙi, ba mai sake cin abinci da shi."

"A Riyad muke, Gogo. Ina ruwa a nan?"

"Oumarou da ruwansa ya zo. Na ji shi a bakinsa." Ta riƙe hannuna da ƙarfi. "Amma ki sani, kifin lami mutum biyu yake tona wa asiri. In kin dire shi, kin faɗa da bakinki cewa akwai abin da kika bayar. A gidan ga kuma gaban ubanki za ki dire. Kina iyawa?"

Na tuna mutum ashirin suna cewa a maimaita.

"Ko gaban Sarkin Makka ne."

Ranar Laraba Gogo ta tashi da kwaɗayin kifi. Ta ce wa Baba bakinta ya gaji da kaza mai ƙanƙara, kuma ba ta son na teku, na ruwan daɗi take so. Baba ba ya musu da surukarsa. Ya kwashe mu zuwa kasuwar Batha da yamma, muna tafe cikin baƙaƙen abaya zafi na tasowa daga kwalta. Gogo ta bi teburan tana shinshinawa tana tsaki, har muka iso wajen wani Bamisire mai karfasa, wadda suke kira bulɗi, daga gonakin kifin Kharj. Ta danna cikin ɗaya da yatsa.

"Wanga bai taɓa ganin kogi ba, a kwatami ya girma. Amma zai yi." Ta sa aka auna huɗu.

Ranar Alhamis da safe, ba aiki, Baba na wanka, na hau kujera na buɗe murfin mukayyif na zare 'yar wayar da na ga Ghazali ya ɗaura ranar farko. Kafin ƙarfe goma falon ya zama tanda. Baba ya yi ta faɗa a waya, wai gyaran wata ɗaya har ya lalace. Malam Oumarou ya ce suna tafe.

Uku na soya da albasa da tumatir da yaji, ƙamshi har matakala. Na huɗun na kankare shi na sa a ruwa zalla. Ya dahu ya yi fari fat, idonsa ya fito kamar dutsen guga, ƙarni na tashi. Na ɗauko kaset ɗinsa na farko, na mai shayi, na zaro zaren da biro har ya taru a tafin hannuna, na dunƙule na cusa a bakin kifin. Na gama tsaf a natse. Na yi mamakin kaina.

Sun iso kafin azahar. Ina jin Malam Oumarou ya buɗe murfin, ko minti biyu ba a yi ba sanyi ya dawo.

"Waya ce ta fita, Alhaji," ya ce a hankali. "Ita kaɗai kuwa ba ta fita."

"To ai sai ku ci abinci," in ji Gogo. "Ba a zuwa gidan Basarkiya a fita da yunwa."

Na turo babban tiren ta bakin ƙofa kamar kullum, Baba ya ja. Na ji sun yi bismilla. Sai na gyara mayafina, na ɗauki ƙaramin faranti, na buɗe ƙofar kicin gaba ɗaya na fito.

Tunda muka zo ƙasar nan ban taɓa fitowa gaban baƙi maza ba. Baba ya ɗago da loma a hannu. Ghazali ya gan ni, karo na farko ya ga fuskata sosai, har ya fara murmushi, irin na wanda aka kawo wa kyauta. Na durƙusa gaban ubansa na dire farantin, na juya shi a hankali har kan kifin ya kalli Ghazali. Na koma na tsaya jikin bango. Ban ce komai ba.

"Ikilima, lafiyarki?" in ji Baba. "Wannan wane irin abu ne? Ko mai babu. Meye wannan a bakinsa? Ɗauke ki kai kicin."

"Bari, Alhaji." Malam Oumarou ya tare da hannu. "Ba naka ba ne."

Ya gutsuri kaɗan ya sa a harshe. Ya daɗe bai haɗiye ba. Ya ja zaren da ke bakin kifin, ya yi ta fitowa, baƙi, yana sheƙi. Ya dubi Gogo.

"Inna, da saninki?"

"Ni na zaɓo kifin."

Sai ya juya ga ɗansa. Ban taɓa ganin murmushi ya mutu a fuska da sauri haka ba.

"Mi ka ɗauka na ɗiyar mutane?"

"Baba, wasa ne fa. Samari ne suka matsa, wai ƙarya nake ba wata 'yar ofishin jakadanci da za ta..."

"Ban tambaye ka samari ba. Mi ka ɗauka?"

"Kaset."

"Nawa ne yanzu?"

Ghazali ya sunkuyar da kai. "Huɗu. Ko biyar."

"Ko biyar." Malam Oumarou ya tura masa farantin da yatsa ɗaya. "Ci."

"Baba, a nan? Wannan ai abin ƙauye ne, mu da muke..."

"A ƙauyen na haife ka. Uwarka ta ba ka labarin ga tana goye da kai, ka ɗauko shi ka yi tarko da shi, ka yanke masa wutsiya. Ci, ko in tashi in bar ka da shi, ka nemi wani uban a Sulay."

Ya ci. Na tsaya na kalli kowace loma. Kifin ruwan kwatami ba gishiri, da ɗumi, cikin ƙarni, ko kyanwa sai ta yi tunani. Loma ta uku ya fara yunƙurin amai, ya kai hannu ga kofin ruwa, uban ya janye kofin. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin da ke busowa. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja, yana roƙo. A littattafan da na karanta nan ne zuciyar yarinya ke karyewa ta ce a bar shi haka. Na lalubi tawa na ji ta kamar ƙarfe. Na ce a raina, saura kan.

"Saura kan," in ji Gogo, ita da ba ta gani sosai.

Ya tsotse kan, ya ajiye ƙaya. Malam Oumarou ya miƙa hannu.

"Makullin mota."

Ya ba shi.

"Nan ba jirgi ba filafili, wanga shi ne naka. Ba ka sake riƙe sitiyari sai baɗi war haka. Rumbun maƙwabcinmu Jibrin na neman masu dako, can za ka. Yanzu tashi, ɗaki-ɗaki za mu bi mu karɓo kaset ɗin." Ya juyo ya durƙusa gaban Gogo, ya kasa kallon Baba. "Inna, gobe kafin magariba. In ɗaya ya rage, ki aiko mini da nawa kifin."

Suka fita, ko kuɗin mota Baba bai samu ya ambata ba.

"Wani zai gaya mini abin da aka yi yanzu a gidana?" in ji Baba.

Gogo ta buɗe baki, na riga ta. Na durƙusa na faɗa masa da kaina, tun daga rediyo har akwatin mita har kabad. Bai katse ni ba. Da na zo wajen sunan sai ya rufe ido.

"Sunana kika sa."

"Na sa, Baba."

"Da unguwa."

"Da unguwa."

Na jira mari, ko a ce in haɗa kayana in bi Umma. Sai ya tashi ya shiga ɗakina ya fito da rediyon, ya kai ta ɗakinsa ya kulle. Ya dawo ya tsaya a kaina.

"Da kin yi shiru, da a bakin direba zan ji," ya ce. Kwana goma sha ɗaya bai sake yi mini magana ba sai ta bakin Gogo, kuma wannan ya fi mari ciwo.

Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Oumarou ya dawo shi kaɗai, ƙafafunsa fari da ƙura. Ya ajiye leda gaban Gogo. Shida ne, ba biyar ba. Na ƙarshen sai da ya bi wani direban tanka har hanyar Kharj ya tsayar da shi. Ya ce ya sa kowane yaro ya dafa Alƙur'ani cewa babu saura. Baba ya raka shi har ƙasa, abin da bai taɓa yi wa mai gyara ba.

Gogo ta miƙo mini ledar tare da 'yar rediyonta ta jin wa'azi.

"Ki tabbatar naki ne, kar a kawo mana waƙar Indiya."

Na shiga ɗaki na gwada su ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa kaɗan-kaɗan, don ba na iya jure jin muryata. Biyar kwafi ne masu tsabta. Na shidan daban yake. Wanda ya yi shi ba shi da rediyo mai baki biyu, sai ya kara tasa kusa da ta Ghazali ya danna, don haka ya ɗauko ɗakin gaba ɗaya. Ga muryata can nesa, siririya, tana rawa, tana cewa ni ce gaɓa. Ga tafi, ga fito, ga wani yana cewa a maimaita. Na kasa kashewa. Kunnena na neman mutum ɗaya.

Na same shi. "Kai, ya isa haka, ku kashe," ya ce, ƙasa-ƙasa. Nan take na fara tunanin buhunan da zai ɗauka shekara guda cikin zafin Sulay, da idonsa da ya yi ja. Sai wani ya maƙale murya ya kwaikwayi yadda na ce har abada. Ɗakin ya fashe. A cikin dariyar akwai wadda na fi sani a duniya, wadda na yi sati huɗu ina mayarwa baya don in sake ji, kuma ta fi ta kowa tsawo.

Na mayar da wajen na sake saurara, sau uku, don na san halina, na san wata rana da azahar zan zauna in fara nema masa uzuri. Da na tabbata na haddace, na ɗauko almakashin ɗinkin Umma na baje jarida a ƙasa. Kaset shida zare ne mai yawa. Har aka kira magariba ina yanka.